Tsakanin Hannu da Bakin Maciji a Ranar Ciyarwa

Shekara shida ke nan ina kiwon macizai biyu a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidana a Samaru, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak maciji ya sare ni. Na sha ɗaukarsu da hannu don in duba fatarsu, na sha share akwatunansu suna ciki, na sha canza musu ruwa da sassafe, amma babu wanda ya taɓa kawo mini sara a irin waɗannan lokuta. Ranar da abin ya faru ranar ciyarwa ce. Tun daga lokacin, duk mai kiwon macijin da ya gaya mini cewa an taɓa saransa, tambayar farko da nake yi masa ita ce ko abinci yake bai wa macijin a lokacin, kuma galibi amsar da nake samu ita ce haka ne.

Ɗaya daga cikin macizan nawa siririn nan ne mai launin ƙasa-ƙasa da manyan idanu, irin wanda manoma ke gani yana wucewa kamar kibiya a gonakin gefen Kubanni da rana tsaka. Masana suna kiran danginsa Psammophis. Da ido yake farauta, ƙadangaru da ɓeraye ne abincinsa, kuma yana da wata ɗabi'a da ba na gajiya da kallonta, wato yakan goga hancinsa a jikinsa tun daga wuya har wutsiya, yana shafa wa fatarsa wani ruwa da ke fitowa daga hancin. Na biyun gajere ne, bai kai kamu biyu ba, mai duhun jiki da ɗigo-ɗigon fari, da baƙin tabo mai ƙyalli a gefen kai. Sunansa a wurin masana Crotaphopeltis hotamboeia, da dare yake fita, kuma kwaɗi ne abin da ya fi so. Dukansu biyu suna cikin rukunin da ake kira masu raunin dafi, waɗanda saransu kan tsaya ga zugi da kumburi da ƙaiƙayi a inda aka sara.

Na san da yawa daga cikin mutanenmu ba sa ganin dalilin da zai sa mai hankali ya ajiye maciji a gida, kuma ba na ganin laifinsu, domin a ƙasar nan kusan kowane dangi yana da labarin wanda kububuwa ta sara a gona. Abin da kawai zan ce shi ne, wanda ya tsare dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta, kuma hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya isa gargaɗi. Ciyarwa dole ce ke nan, kuma tunda dole ce, ya kamata a san yadda za a yi ta ba tare da hannu ya shiga baki ba.

Sai an fahimci yadda bakin waɗannan macizai yake kafin a gane inda haɗarin yake. Kububuwa da kasa suna da dogayen fiƙoƙi a gaban baki masu rami a ciki kamar allurar likita, haɗe da jakar dafi wadda tsoka ke matsawa, saboda haka sara ɗaya cikin ƙiftawar ido ya wadatar. Kumurci da gamsheƙa ma a gaba fiƙoƙinsu suke, ko da yake gajeru ne. Su kuwa irin nawa, manyan haƙoransu can baya suke a muƙamuƙin sama, kusan daidai ƙasan ido, kuma maimakon rami ɗan kwari ne a jikinsu kamar indararo, wanda dafin ke bi ya gangara cikin rauni. Dafin yana fitowa ne daga wani ƙullutu a bayan ido da aka sa wa sunan Duvernoy, masanin dabbobi ɗan Faransa da ya yi bayaninsa a 1832, kuma ƙullutun ba shi da ƙarfin tunkuɗo dafi mai yawa lokaci guda. Dole macijin ya kama, ya riƙe, ya yi ta tauna har haƙoran baya su nutse. Gwargwadon daɗewar da ya yi riƙe da nama, gwargwadon dafin da zai shiga.

A nan ne bambancin saran tsoro da cizon yunwa yake da muhimmanci. Macijin da aka firgita yakan kai sara ya saki nan take, domin burinsa a ba shi hanya, kuma sau da yawa haƙoran baya ba sa ma taɓa fata. Macijin da ya zaci abinci ya kama kuwa ba ya saki, saboda a daji ƙadangaren da aka saki ya tafi ke nan. Zai riƙe, ya riƙa tura muƙamuƙinsa gaba, dama sannan hagu, yana cusa abin da ya kama zuwa inda manyan haƙoran suke. Shi ya sa cizon ranar ciyarwa ya fi kowane cizo shigar da dafi, ko da macijin ya shekara goma a hannun mai shi. Maciji da harshe yake sansana duniya. Yana zaro harshen ya ɗebo ƙanshin da ke cikin iska, ya mayar da shi wasu ƙananan ramuka biyu da ke ganɗarsa, daga nan saƙo ya isa ƙwaƙwalwa. Idan warin ɓera ya cika ɗaki, kuma wani abu mai ɗumi ya motsa a bakin akwati, a wurinsa wannan abin ɓera ne. Masu kiwon macijin nan na Amurka mai ɗagaggen hanci, Heterodon nasicus, wanda ya cika gidajen masu sha'awar macizai a can da Turai, sun san wannan sosai, domin likitoci sun rubuta yadda cizon ciyarwa da aka bari ya daɗe ya jawo kumburin da ya haura hannu har da bororo.

Nawa cizon ya faru ne wata Asabar a cikin watan Afrilu, bayan la'asar, lokacin da zafin bazara ya kai inda ya kai. Siririn macijin ya yi saɓa kwana biyu kafin nan, kuma ya kusa mako uku bai ci komai ba, ga shi zafi yana ƙara musu kuzari da yunwa. Na fito da ɓera daga firiza na jiƙa shi a ruwan ɗumi, sannan na yi abin da ban saba yi ba, wato na latsa cikinsa da yatsuna don in ji ko ƙanƙarar ta gama narkewa, ban kuma wanke hannu ba. Dogon hantsakin da nake amfani da shi na bar shi a tsakar gida inda na wanke shi, sai na ɗauki wani gajere wanda bai fi tsawon tafin hannu ba, na ce a raina ai macijin ya san ni. Na zame murfin akwatin da hannun hagu. Kafin in gama sauke ɓeran, ya riga ya taso daga ƙarƙashin ɓawon itacen da yake ɓuya, ya wuce ɓeran da ke reto, ya kama manuniyata ta dama a gaɓa ta biyu.

Zafin farko bai fi na ƙaya ba. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda na ji muƙamuƙinsa yana tafiya a kan yatsan, kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗinki yana tura allura, yayin da ya naɗe sauran jikinsa a wuyan hannuna. Ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina yana karatu yana tsaye a bakin ƙofa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, fizge hannunka!" Na ce masa, "Kada ka matso. Ɗebo mini ruwan randa a butar can, yi maza." Fizgewa ita ce abin da jiki ke so ya yi, amma haƙoran maciji a lanƙwashe suke suna kallon maƙogwaro kamar ƙugiyar kamun kifi, saboda haka wanda ya fizge zai yage fatarsa, ya karya haƙoran a cikin raunin, ya kuma bar macijin da ciwon baki wanda kan iya ruɓewa. Na kama bayan kansa da hannun hagu a hankali, yaron ya riƙa tsiyaya masa ruwan sanyi a kai, ni kuma na tura kan gaba, wajen da haƙoran suka shiga, har suka zare. A ƙiyasina bai wuce minti ɗaya da rabi ba, amma ya isa.

Bayan na mayar da shi na rufe akwatin na sa sakata, abu na farko da na yi shi ne cire zoben azurfan da ke yatsan kusa, da agogo. Wannan ƙaramin abu ne da mutane ke mantawa, alhali idan kumburi ya riga zobe, sai an yanke zoben, kuma kafin a yanke yana iya toshe jini. Na wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa. Raunukan ƙanana ne, layi biyu na ɗigo-ɗigo, amma jinin ya daɗe yana tsattsafowa fiye da yadda irin wannan ƙwarzane ya kamata ya yi. Na ɗauki biro na zagaye iyakar kumburin na rubuta lokaci a gefe. Kafin magariba kumburin ya tsallake layin ya cika bayan hannu, ga ƙaiƙayi mai tsanani da wani zugi kamar ana hura wuta. Wani dattijo maƙwabcina da ya ji labari ya shigo da baƙin dutsen nan da ake mannawa a kan sara, ya ce, "Malam, bari a ɗaure damtsen da tsumma, a ɗan tsaga wurin a manna wannan." Na ce, "Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya saka da alheri, amma asibiti zan tafi." Na san da zuciya ɗaya ya zo. Sai dai ɗaure hannu tamau yana hana jini gudu har ya kashe nama, tsagawa tana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta da zubar jini, tsotsa ba ta fitar da komai, dutsen kuma jini kawai yake sha ya manne. Uwargida ta riga ta ɗauko mayafinta tana cewa, "Malam, don Allah mu tafi, kada a kwana da wannan."

Na tafi da hoton macijin a waya da katin da na rubuta cikakken sunansa. Likitar da ta duba ni ta ɗebi jinina kaɗan ta zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ta ajiye ba tare da an girgiza ba, bayan minti 20 ta karkata kwalbar. Jinin ya daskare, alamar dafin bai tsinka shi ba ke nan, kuma da aka maimaita gwajin cikin dare ya sake daskarewa. Aka yi mini allurar tetanus, aka ba ni farasitamol, aka hana ni asfirin da ibuprofen da diclofenac saboda suna iya ƙara zubar jini. Washegari kaluluwa ta fito mini a hammata, kumburin kuma ya ɗauki kwana huɗu kafin ya saɓe. Wannan gwaji na kwalba da minti 20, wanda yanzu ake yi a asibitocin karkara daga Afirka har Asiya, yana da tarihi da garin nan namu. David Warrell, likita ɗan Ingila wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1970, shi da abokan aikinsa ne suka yi bayaninsa a binciken da suka yi kan waɗanda kububuwa ta sara a arewacin Najeriya. Na ji wani abu a raina da na ga ana karkata kwalbar a gabana, a garin da aka yi wannan aiki.

Akwai abin da mai kiwon irin waɗannan macizai ya kamata ya sani tun kafin ya shiga asibiti. Allurar kashe dafi ba ta aiki a kan kowane maciji, kowace an yi ta ne don wasu nau'o'i takamaimai. EchiTAb-G da ake haɗawa a Birtaniya ta kububuwa ce kaɗai, EchiTAb-Plus da ake haɗawa a Kosta Rika kuma ta kububuwa da kasa da kumurci ce, kuma su ne aka fi sani a cibiyar kula da saran maciji ta Kaltungo a Jihar Gombe. Babu wadda aka yi don irin macizan da ke ɗakina. Idan aka yi wa mutum ita a kan cizon da ba nata ba, an ɓarnatar da magani mai tsada wanda wani manomi ke buƙata, an kuma jefa shi cikin haɗarin borin jini a banza. Katin da ke ɗauke da sunan macijin yana taimakon likita ya yanke shawara daidai.

Kalmar nan ta raunin dafi kuwa ina tsoronta, domin ta taɓa yaudarar waɗanda suka fi kowa sani. A watan Satumba na 1957, an kai wa Karl Schmidt, babban masanin macizai a gidan adana kayan tarihin halittu na Field da ke Shikago, wani ƙaramin maciji daga Afirka don ya faɗi irinsa. Boomslang ne, macijin bishiya mai haƙoran baya. Ya sare shi a babban yatsa, shi kuma bai ɗauka cewa ƙaramin maciji irin wannan zai iya zuba dafin kisa ba, sai ya koma gida yana rubuta abin da yake ji sa'a bayan sa'a, har da jinin da ke fita daga dasashinsa da hancinsa. Washegari ya rasu yana da shekara 67. A 1975 kuma Robert Mertens, masanin macizai na ƙasar Jamus, yana ciyar da wani siririn macijin Afirka mai kama da busasshen reshe, Thelotornis, wanda yake kiwo, sai ya sare shi. Ya yi kwana 18 yana jinya kafin ya cika, kuma har yau babu allurar kashe dafin wannan maciji. Mutum ne da ya shekara 80 a duniya, mafi yawansu a cikin dabbobi masu jan ciki, kuma a wurin ciyarwa abin ya same shi.

Boomslang yana nan a dazuzzukanmu, kuma ba kullum kore yake ba. Matan sukan zama masu launin ƙasa, sirara masu manyan idanu, ta yadda wanda bai ƙware ba zai iya ɗaukarsu a matsayin irin siririn macijina. Dafinsa yana hana jini daskarewa, alamunsa kuma sukan jinkirta sa'o'i masu yawa, har mutum ya zaci ya tsira. Gajeren macijina mai cin kwaɗi shi ma yana da wanda ake rikita shi da shi, wato Causus maculatus, ɗan gajeren maciji mai fiƙoƙin gaba wanda shi ma kwaɗi yake bi da damina, kuma rikicin yana ƙaruwa ne saboda nawa idan ya fusata yakan baje kansa ya yi kusurwa uku. Akwai kuma ƙaramin baƙin nan mai sheƙi da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan sama, Atractaspis, wanda ke zaro fiƙa ta gefen baki ba tare da ya buɗe bakin ba, ya soki yatsan wanda ya riƙe shi a wuya. Saboda haka ba na yarda da maganar mai sayarwa cewa wannan ba ya komai, ko gardi ne da ya gaji wasa da maciji kaka da kakanni. Gardawa sun san halin maciji fiye da yawancinmu, ina kuma girmama wannan sani, amma tantance nau'i aiki ne na ƙidayar ɓawon kai da na jiki, kuma sai an kai wa masanin dabbobi ya duba. Macijin da ba a tabbatar da irinsa ba, mai kisa ne a wurina har sai an tabbatar.

Bayan na warke na sake tsarin ɗakin gaba ɗaya. Na je wurin wani maƙeri a Tudun Wada ya ƙera mini hantsaki biyu masu tsawon santimita 45, na sanya wa bakinsu guntun tiyo na roba don kada macijin ya karya haƙori idan ya sari ƙarfen. Biyu na yi don kada rashin ɗaya ya sake zama dalilin ɗaukar gajere, kuma a jikin ƙusa suke rataye kusa da akwatunan. Ɓeran kuma a gadon baya nake kama shi, in miƙa shi da kai a gaba. Wanda aka riƙe ta wutsiya reto yake yi, macijin da ya kai sara ya kuskure kuwa abin da ke bayan ɓeran zai samu, kuma abin da ke bayan ɓeran shi ne hannu. Murfin da ƙugiyar ɗaukar maciji nake zame shi, daga gefen da ya fi nisa da inda kan macijin yake, sai kuma na ga kan da idona kafin in buɗe. Fuskata ba ta leƙa cikin akwati.

Abin da ya fi hantsaki muhimmanci shi ne jerin aiki. Duk abin da ke buƙatar hannu ya shiga akwati, kamar canza ruwa da kwashe kashi, nakan gama shi kafin ɓera ya shigo ɗakin. Narkar da ɓeran a wani wuri dabam nake yi, a cikin leda ɗaurarriya a ruwan ɗumi, kuma ta bayan ledar nake latsawa in ji ko ya narke. Daga nan sai sabulu har gwiwar hannu, wanda ke kawar da wari, yake kuma kare mutum daga salmonela, ƙwayar cutar gudawa da ake samu a jikin ɓeraye da dabbobi masu jan ciki. A ranakun da ba na ciyarwa ba, kafin in taɓa maciji nakan fara shafa shi da ƙugiya a tsakiyar jiki, har ya saba cewa taɓin ƙugiya alama ce ta babu abinci, kuma a ranar ciyarwa ƙugiyar ba ta taɓa shi. Bayan ya ci nakan bar shi kwana biyu cur, saboda ɗaukarsa da wuri kan sa ya amayar, kuma a sa'o'in farko yana nan cikin halin farauta. Kowane maciji da akwatinsa, domin biyu da suka kama abinci ɗaya sai an sa hannu an raba su, kuma Psammophis ma yana cin wasu macizan.

Ba na ba da ɓera mai rai. Ɓeran da aka jefa wa macijin da ba ya jin yunwa yakan cije shi, har ya ci naman bayansa, mai kiwo kuma garin ceto ya cusa hannu a daidai lokacin da bai kamata ba. Ba na kuma ba da ɓeran gida ko na kasuwa, saboda yawancin maganin ɓeran da ake sayarwa jini yake tsinkawa, kuma wanda ya ci yakan yi kwanaki yana yawo kafin ya mutu. Fararen ɓeraye nake kiwo da kaina. Matsalarmu a nan ita ce wutar lantarki, domin idan ta ɗauke ta daɗe, abin da ke firiza ya narke ya sake daskarewa, ba shi da amfani sai zubarwa. Mai cin kwaɗin kuwa da dare nake ciyar da shi, da fitila a goshi don hannayena biyu su zama a sake, in sa kwaɗon a kofi mai dogon mariƙi in juye a kusurwa in rufe. Hannun da ya taɓa kwaɗo ba ya zuwa ido sai an wanke, saboda ruwan da ke fita daga fatarsa yana da zafi.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Da hunturu, lokacin da sanyin Zariya ke sa mutane jin wuta da asuba, macizan sukan yi sanyi su ƙi abinci na makonni, kuma kuskure ne a tsaya ana kaɗa musu ɓera a hanci ana matsowa da hannu. Idan aka miƙa bai karɓa ba, a janye a bari sai wani mako. Haka nan idan idanunsa suka yi fari-fari kamar an zuba madara, saɓa ce ke tafe, ba ya gani sosai, kuma duk abin da ya motsa zai iya kai masa sara. Da bazara da farkon damina kuwa yunwarsu ke tashi, a nan ne nake ninka hankali.

Ana yawan tambayata game da safar hannu. Ta auduga ko ta roba ba ta tare haƙori, ta fata mai kauri tana tarewa amma tana rage jin abin da aka riƙe, tana kuma riƙe warin ɓera daga wannan mako zuwa wancan idan ba a kula ba. Ni na fi dogara da tazara. Abin da nake ajiyewa kusa shi ne buta cike da ruwan sanyi, da tsohon katin roba wanda za a iya zurawa tsakanin muƙamuƙi da fata idan ruwa bai sa ya saki ba, da biro. Ba na ciyarwa idan ni kaɗai ne a gida, ko ina cikin gajiya ko sauri, domin ko dafin mai rauni ne, akwai jikin da ba ya ɗaukarsa, musamman wanda aka taɓa sara a baya. Kumburin leɓe ko fuska, ko borin jini a duk jiki, ko jiri, ko numfashi ya fara sarƙewa, waɗannan ba a jira da su ko minti ɗaya, haka ma jini daga dasashi ko a fitsari. Ƙofar ɗakin kuma kullum da kwaɗo a jiki, mabuɗin yana aljihuna, saboda yara.

Asabar ɗin da ta wuce ɗan ƙanwata ya roƙe ni in bar shi ya miƙa abincin da kansa. Na sa shi ya wanke hannu a gabana, ya nuna mini inda kan macijin yake kafin a taɓa murfi, sannan na tsaya a gefensa da ƙugiya. Ya kama ɓeran a gadon baya ya sauke hantsakin a hankali. Macijin ya zaro harshe sau uku, ya taso ya kama ɓeran a wuya, yaron ya saki hantsakin ya janye, na mayar da murfin na sa sakata. Ya tsaya yana kallon yadda muƙamuƙin ke tafiya dama da hagu har wutsiyar ta ɓace, sannan ya ce, "Kawu, haka ya yi wa yatsanka?" Na ce masa haka ne, na miƙa masa biro ya rubuta kwanan wata a katin da ke manne a jikin akwatin.